Fashin baƙi: Masu auna yara da ɗibar jini sun iso ƙauye, a dangwala yatsa ko a ƙi?

Mota ta tsaya a ƙofar gidan dagaci, samari da 'yan mata sun sauko da sikeli da allon awo da wayoyi a hannu. Kafin la'asar mai shela ya zaga gari: duk mai ciki da mai goyo ta fito gobe da safe. Daga nan gari ya rabu biyu. Wasu sun ce tallafi ne ya zo, kowa ya yi sauri a rubuta sunansa kafin a rufe. Wasu kuma sun ja ƙyaure, sun ce ba za a taɓa musu yara ba, wa ya san inda ake kai jinin, wa ya san abin da aka zuba a cikin garin kunun?

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙauyukan Kano da Jigawa, daga Bichi zuwa Sumaila, daga Gumel zuwa Birnin Kudu. Tambayar ita ce: mene ne ainihin wannan aiki da ake kira binciken abinci mai gina jiki, kuma wanda ya yarda ya shiga, me ya bayar, me zai samu? A ganina ɓangarorin biyu duk sun yi kuskure iri ɗaya. Dukkansu sun ɗauka baƙin wani abu suka zo bayarwa, mai kyau ko mugu. Alhali a bincike, mai bayarwa shi ne wanda ya dangwala yatsa.

Bincike daban, rabo daban, magani daban

Idan aka zo rabon kayan agaji, manufar ita ce a ba ka. Idan ka kai yaro asibitin sha-ka-tafi, manufar ita ce a warkar da shi. Shi kuwa mai bincike, wata tambaya ce ke damunsa wadda babu wanda ya san amsarta tukuna, kuma ba zai samu amsar ba sai ta jikinka da bakinka da tukunyar gidanka. Yara nawa ne a wannan yanki ke da ƙarancin jini? Idan aka haɗa gero da waken soya da gyaɗa aka dama wa yaro kullum, zai fi ƙiba a kan wanda ke shan koko zalla? Kai ne kake ba shi lokacinka, da sirrin gidanka, wani lokaci har da ɗigon jininka. Shi ya sa ake kiran mai shiga ɗan sa-kai, kuma shi ya sa izini a hannunka yake.

Abin da ke rikita mutane shi ne sau da yawa fuska ɗaya ce ke yin ayyukan uku. Ma'aikaciyar lafiyar da ta yi maka awon matarka jiya ita ce yau ta rako masu bincike, kuma ƙungiyar da ta raba gidan sauro bara ita ce bana ta zo da takardun tambayoyi.

Binciken kansa ba iri ɗaya ba ne. Mafi sauƙinsa shi ne na ƙidaya: a zo sau ɗaya, a yi tambayoyi, a auna tsayi da nauyi, a tafi. A nan ne ake ɗaura wa yaro ɗan tef ɗin nan mai launi uku a damtse. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5 ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, tamowa ce mai tsanani. Rawaya, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, gargaɗi ne. Kore kuma alhamdulillahi. Akwai na bin sawu, inda za a riƙa dawowa wajen mutanen nan dai wata da watanni, wani lokaci tun daga ciki har yaye. Sai na uku, wanda ya fi buƙatar a buɗe ido, wato gwaji: a ba wasu wani abinci ko ƙwaya ko kuɗi, a bar wasu, a kwatanta.

Me ya sa sai mu?

Mutane na yawan cewa, "Me ya hana su je su gwada a kan 'ya'yansu?" Tambaya ce mai ma'ana, kuma wani ɓangare na amsarta ba shi da daɗin ji. Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Kano adadin ya kai kusan kashi 57, a Jigawa kashi 64. Kusan biyu cikin kowane yara uku ke nan, a jihar da ke noma gero da riɗi da shinkafa da zoɓo. Wanda ke neman maganin tsumburewa ba zai je inda babu ita ba. Kuma abin da aka gano a kan yaron da ke cin burodi da madarar kanti ba lallai ya yi aiki a kan wanda cimarsa tuwon dawa ce da miyar kuka ba.

Sannan abubuwa da dama da muke amfana da su yau, wasu iyaye ne a wata ƙasa suka yarda aka gwada a kan nasu 'ya'yan. Ɗan kwanson nan ja ko shuɗi da ake yanke bakinsa a ɗiga wa yara a makon lafiyar mata da ƙananan yara, sinadarin bitamin A ne. Da can an san shi da maganin dundumi kawai. Sai wani likitan ido ɗan Amurka, Alfred Sommer, ya jagoranci gwaji a ƙauyuka 450 na lardin Aceh a Indonesiya, yankin Musulmi manoma irinmu, aka fitar da sakamakon a 1986: mutuwar yara ta ragu da kusan ɗaya bisa uku a ƙauyukan da aka ba da shi. Haka ma fakitin gyaɗar nan da ake ba masu tamowa, mai nauyin giram 92, wanda aka haɗa da garin madara da sukari da mai da sinadarai. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, amma ya samu karɓuwa ne bayan an gwada shi a kan yaran Afirka, kuma maƙwabtanmu na Maraɗi na cikin waɗanda aka yi amfani da shi a kansu da yawa a yunwar 2005. Kafinsa, sai an kwantar da uwa da ɗa a asibiti makonni, ta bar gona da sauran yara. Yanzu mafi yawa a gida ake jinya, a riƙa komawa karɓa mako-mako.

Maganar ƙuri'a

Babu abin da ke tayar da jijiyar wuya kamar a ga ana ba ƙauyen da ke tsallaken rafi abu, ku kuma ana zuwa a auna ku a tafi. Nan da nan sai a ce dagacinsu ya fi namu baki, ko kuma kansila ne ya karkatar da abin.

Wani lokacin kuwa ba hannun kowa a ciki, ƙuri'a ce. Misalin da ke kusa da mu shi ne shirin tallafin masu ciki da ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar da kuɗin gwamnatin Birtaniya, a ƙananan hukumomin Buji da Gagarawa da Kirikasamma a Jigawa, da Anka da Tsafe a Zamfara. An riƙa ba mace naira 3,500 duk wata tun tana da ciki har yaron ya cika shekara 2, daga baya aka mayar da shi 4,000, tare da faɗakarwa kan shayarwa da ciyar da yaro. Don a gane ko shirin yana aiki, an ɗauki ƙauyuka 210 aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu suka fara karɓa, wasu aka jinkirta musu. Bayan shekara 4 aka ga tsumburewa ta ragu da kashi 8 cikin 100 a inda aka fara, kuma mata da yawa sun sayi dabbobi sun kama sana'a.

Me ya sa ba a ba kowa lokaci guda ba? Domin da an yi haka, sannan aka ga yara sun yi kyau, ba za a san ko kuɗin ne ko kuwa damina ce ta yi albarka a shekarar ba. Da kuma mutum ne ya zaɓa da hannunsa, zai iya zaɓar ƙauyukan bakin titi masu asibiti da kasuwa, sakamakon ya fito da kyau na ƙarya. Ƙuri'a ba ta san ɗan sarki ba. Waɗanda aka jinkirta wa su ne ma'aunin, ba don su ba da aikin duk ya tashi a banza.

Amma wannan hujja tana da iyaka, kuma a nan ne ya kamata mai gari ya tsaya da ƙafarsa. Ba a jinkirta wa mutum abin da aka riga aka san shi ne maganin ciwonsa. Idan tef ya nuna ja, ko ƙafafun yaro sun kumbura, ba a rubuta lamba a wuce don kawai ƙauyensu na 'yan kwatance ne. Dole a tura shi inda za a yi masa magani. Duk masu binciken da suka auna yaro suka ga haka suka shiga mota ba su ce komai ba, sun ci amana, ko da wace takarda suka zo.

Tsoron ba daga sama ya faɗo ba

Masu ilimin boko kan yi saurin kiran mai ƙin bincike jahili. Su yi a hankali. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake, kuma Kano an sare ta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya dage cewa an nemi izininsu da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar ba maganin ba. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Kuɗin diyya na farko bai shiga hannun iyalai ba sai 2011, shekara 15 bayan abin.

Wannan tabo na cikin abin da ya sa da aka fara raɗe-raɗin allurar shan-inna a 2003 mutane suka gaskata, har Kano ta dakatar da ita sai tsakiyar 2004, cutar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Wato cin amanar da aka yi a ɗaki ɗaya, yaran da ba su ji ba su gani ba ne suka biya.

Kada kuma a ce ai wancan magani ne, abinci ba ya cutarwa. A Kanada, tsakanin 1948 da 1952, an yi gwaje-gwajen abinci a kan yaran 'yan asalin ƙasar a makarantun kwana ba da sanin iyayensu ba. A wata makarantar an bar yara a kan madarar da ba ta kai rabin abin da ya kamata ba har shekara 2, don kawai a samu abin kwatantawa. Sai a 2013 wani masanin tarihi, Ian Mosby, ya tono labarin. Ƙasar da ake ganin ta ci gaba ke nan.

Abin da doka ta ba ka

Bayan abin da ya faru a Kano an ƙara ɗaure al'amarin. Akwai kwamitin ƙasa mai sa ido kan ɗa'ar binciken lafiya a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da kundin ƙa'idojinsa na 2007, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce ba a bincike a kan mutum sai da amincewarsa a rubuce, bayan an bayyana masa manufar aikin da abin da zai iya biyo baya. Kafin a fita ƙauye, sai wani kwamitin ɗa'a ya duba tsarin ya sa hannu, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na ma'aikatar lafiya ta jiha. Don haka ba rashin kunya ba ne dagaci ya ce, "Malam, a nuna mana takardar kwamitin." Mai gaskiya zai ciro ta daga jaka ba tare da ɓacin rai ba. Kuma a lura, rigar ƙungiya da katin wuya ba su ne takardar ba.

Takardar amincewa kuwa, a karanta maka ita da Hausar da kake ji, ba Hausar takarda ba. Wanda bai iya karatu ba ya zo da nasa mutumin, ɗansa ɗan sakandare ko malamin makarantar allo mai karanta boko, ya zama shaida kafin a dangwala. Ka ji wa ya aiko su, sau nawa za su dawo, me za a ba yaro ya ci, me za a ɗiba a jikinsa, wa za ka kira in ya yi gudawa ko ƙuraje cikin dare, wa zai biya kuɗin asibiti. A bar maka kwafi mai lambar waya. Kuma dangwale ba ɗaurin aure ba ne: ko bayan wata uku ka ga ba za ka iya ba, kana da ikon janyewa ba sai ka faɗi dalili ba, kuma babu mai hana matarka awo ko ɗanka allura saboda haka. Duk wanda ya ce maka "in ba ku shiga ba za a cire sunan garinku daga tallafi", ko dai bai san aikinsa ba ko yaudara yake.

Inda abin ya fi wuya shi ne cikin gida. A al'adarmu baƙo ba ya shiga gari sai ta ƙofar mai gari, ba ya shiga gida sai da sallamar mai gida, kuma masu bincike na kirki suna bin wannan. Sai dai izinin dagaci buɗe ƙofa ne kawai, bai zama amincewar kowa ba. Idan mace ce za a ɗibi jininta, ita ce za ta ce ta yarda. Sau nawa ake ganin amarya mai cikin fari ta sunkuyar da kai, uwar miji na tsaye a kanta tana cewa "ta yarda, ku yi aikinku"? Shirun kunya ba amsa ba ne. Ma'aikaciyar da ta san aikinta za ta ce, "Inna, a ɗan ba mu wuri," ta ja yarinyar gefe ta tambaye ta ita kaɗai. Akwai kuma akasin haka, matar da ke son a duba ɗanta amma mai gida ya tafi cirani Legas ya bar umarnin kada a kula kowa. Wannan ba dokar Abuja ce za ta warware shi ba, sai dai kiran waya da lallashi, wani lokaci da bakin liman.

Jinin fa, ina ake kai shi?

Yawanci ɗigo ne daga ɗan yatsa, a sa a wata 'yar na'ura ta nuna yawan jinin cikin minti ɗaya ko biyu, kana tsaye. Idan ana neman sanin sinadarin ƙarfe ko bitamin A, sai a ja daga jijiya, abin da bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, a sa a akwatin sanyi a kai ɗakin gwaji. Cokalin shayi mililita 5 ne. Babban mutum na da wajen lita 5 a jikinsa, yaro mai kilo 10 kuma na da abin da ya kai ledar fiya wata ɗaya da rabi. Ledar jinin da ake ƙara wa mai haihuwa kusan rabin lita ce daga mutum ɗaya, ba a tara ta da cokali-cokali daga yaran ƙauye. Maganar cewa sayar da jinin ake yi ba ta da kai.

Tambayar da ta fi wannan amfani, wadda ba a cika yi ba, ita ce: bayan an gama gwajin, ragowar za a zubar ko za a ajiye? Za a fitar da shi ƙasar waje? Za a yi wani gwajin da shi wanda ba a faɗa ba? Waɗannan ya kamata su fito a takarda, kuma kana iya yarda da ɗaya ka ƙi ɗaya.

Kuɗi kuma, abin da ake bayarwa na mota ne da na ɓata lokaci, ko sabulu ko ɗan bokiti. Wasu na raina shi, kuma gaskiya ranar da manomi ya rasa a tsakiyar noman farko ba sabulu ne zai biya ta ba. Amma da gangan kwamitocin ɗa'a ke hana a yawaita. Idan aka ɗora kuɗi mai tsoka a gaban magidanci a watan Agusta, rumbu ya ƙare sabon gero bai nuna ba, ba shi ne zai amsa ba, yunwa ce za ta amsa. Ni dai in na ga kuɗin ya yi yawa a kan aikin da aka faɗa, nan ne zan ƙara tambaya.

Nauyin da ke kan wanda ya ce to

Wanda ya shiga shi ma ya ɗauki amana, kuma a nan ne ruɗanin farko ke yin ɓarna. Aka tambayi mace me yaro ya ci jiya tun daga asuba. Idan tana zaton rabo za a yi, sai ta ɓoye ƙwan da ta dafa masa da awarar da ya ci a maƙwabta, don kada a ce ba su da buƙata. Idan kuma kunya ta kama ta a gaban kishiya, sai ta ƙaro nama a miyar da ko ƙashi babu. Duka biyun lambobin ƙarya ne za su tafi Dutse ko Abuja, a gina shiri a kansu. Dama can aikin na da wuya a gidan da yara biyar ke sa hannu a kwano ɗaya, shi ya sa za ka ga suna zuwa da ludayi da kofi suna cewa "kamar wannan ko ya fi?" Ba rainin hankali ba ne.

Haka batun raba fakiti. Zuciyar uwa ba ta jure ta ba ɗaya tana kallon uku na haɗiyar yawu, kuma babu mai zarginta. Amma idan abin da aka auna wa yaro ɗaya ya shiga ciki huɗu, shi ba zai murmure ba, masu bincike kuma za su rubuta cewa abincin ba ya aiki, wataƙila a daina kawo shi gaba ɗaya. Gara ta faɗa musu gaskiya cewa ana rabawa. Wasu masu binciken sun koyi darasi, sukan haɗa da ɗan abin da za a ba sauran yaran gidan.

Akwai bashi guda da masu bincike suka fi yawan ci. An auna, an ɗiba, an tafi, sakamako ya fito da Turanci a wata mujalla da ba wanda zai gani a Gagarawa, garin kuma bai sake jin ɗuriyarsu ba. Lokacin ɗaure wannan magana shi ne ranar farko, suna zaune a kan tabarmar dagaci suna neman a buɗe musu ƙofa. A nan ne za a ce su faɗi watan da za su dawo su tara mutane su bayyana abin da suka gano a kan yaran garin, a rubuta shi a bayan takardar, wanda ya jagorance su ya sa hannu da lambar wayarsa.